Rijiyoyin Mafara da Ƙofar Bakolori

Idan bazara ta tsananta a Talata Mafara, igiyar guga ce ke fara ba da labari. A ƙara mata tsawo, a sake ƙarawa, har guga ya fara dawowa da laka. Daga nan sai kasuwar 'yan garuwa ta buɗe, jarka ta yi tsada, alhali ga madatsar ruwa ta Bakolori nan kusa, wadda aka gina don ta riƙe ruwa kimanin mita miliyan 450 mai siffar sukari.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba kogi ba ne da ke gudana a can ƙasa. A yankin Mafara da Maradun, inda ƙasa ke zaune a kan tsohon dutse mai tauri, ruwan yana maƙalewa ne a tsagogin dutse da ruɓaɓɓen samansa. Shi ya sa mutum zai haƙa rijiyar burtsatse ya samu, maƙwabcinsa ya kashe kuɗi ya tashi a tutar babu. Rumbun da ake iya dogaro da shi yana cikin yashin fadamar kogin Sakkwato, kuma ambaliyar damina ce ke cika shi.

A nan matsalar take. Tun da kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar a 1978, ambaliyar da ke shayar da fadamun da ke ƙasa da ita, ta wajen Bakura, ta ragu. Manoma da yawa suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, masunta suka rasa tafkuna, ruwan rijiya ya ƙara nisa. Waɗanda kakanninsu suka fara jan ruwa da jigo a wannan kwari su ne aka mayar ƙarshen layi. Da manoman da aikin madatsar ya tasa suka nemi diyya, 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilun 1980. Dattawan yankin ba su manta ba.

To, wa ya fi cancanta idan ruwa ya yi ƙaranci? Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta damƙa wa gwamnatin tarayya ikon ruwan da ya shafi fiye da jiha ɗaya, amma ta bar wa kowa damar ɗiba kyauta don amfanin gida da shayar da dabbobi. Malamanmu na fiƙihu ma sun daɗe da ɗora shan mutum da dabba a gaban ban-ruwan gona. Sai dai dokar da ke kan takarda ba ta cika rijiya, musamman yanzu da injinan ban-ruwa da famfunan sola ke zuƙar fadama ba tare da lissafi ba.

Ni a ganina, bai kamata a jira wani fari irin na 1973 ko 1984 ba. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta zauna da ƙananan hukumomin Talata Mafara, Bakura da Maradun, da masarautu, da ƙungiyoyin manoma da makiyaya, a rubuta yawan ruwan da za a riƙa saki domin fadama, da lokacin sakinsa. A ware wasu rijiyoyi a Mafara, Bakura da Maradun, a riƙa auna zurfin ruwansu kowane wata, a manna sakamakon a sakatariya inda kowa zai gani kafin a ba wani izinin haƙa sabuwa.