Kalmar "Isfaya": Ma'anarta da Asalinta

A Babbar Kasuwar Kaduna, wadda aka sanya wa sunan Shaihu Abubakar Gumi, sau da yawa akan ga mai saye yana jujjuya gwangwanin madara ko kwalin magani, yana neman kwanan watan da ke jiki, don kada a haɗa shi da abin da "ya yi isfaya". Wannan maƙala za ta duba inda kalmar ta samo asali, da yadda Hausa ta hore ta.

Daga Ingilishi aka aro ta, wato *expire*. Su ma Ingilishi arowa suka yi daga Faransanci, tushenta kuwa Latin ne, *exspirare*: *ex* na nufin waje, *spirare* kuma numfasawa. Ke nan ma'anarta ta fari ita ce fitar da numfashi, daga nan ta koma numfashin ƙarshe, wato mutuwa, sannan ƙarewar yarjejeniya da lasin da amfanin kaya. Masu nazarin Larabci za su tuna da *nafs* da *nafas*, inda rai da numfashi suka yi tarayya a saiwa guda.

Ta fuskar furuci, Hausa ba ta yi mata wani sabon abu ba. Sautin *p* ya koma *f*, kamar a "fensir" da "fakiti". Cunkoson baƙaƙen farko ya ragu, ko da yake wasu kan raba shi da wasali su ce "ikisfaya". Ƙarshenta ya bi sahun "taya" da "waya" da "ritaya". Ba ta kuma shigo a matsayin aikatau ba, sai ta jingina da "yi", daidai da "ya yi ritaya".

Abin lura shi ne Bahaushe bai ɗauki ma'anar mutuwa ba. Ba a ce mutum ya yi isfaya, sai a bakin marar kunya ko cikin ba'a. Akan ce ya cika, ko ya rasu, ko kwanansa ya ƙare, ko wa'adinsa ya yi.

Wannan "wa'adi" kuwa, wadda Larabci ya ba mu tun da daɗewa, ta isa ta ɗauki nauyin duka biyun. Tun da aka kafa hukumar NAFDAC a 1993 gargaɗi kan lalataccen magani ya yawaita, amma tsohuwar da ta zo daga ƙauye sayen maganin jikanta za ta fi saurin gane "wa'adinsa ya wuce" a kan "ya yi isfaya".