Gidajen abinci a Lesta: baƙo ya kawo tukunya, makiyayi ya kawo nono

'Yan'uwa manoma da makiyaya, wannan wata za mu tahi nesa. Za mu leƙa ƙasar Ingila, mu ga yadda ake cin abinci a waje, mu kuma ga wanda ke cin moriyar abin.

Lesta birni ne a tsakiyar Ingila, wajen kilomita 160 arewa da Landan. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanensa sun wuce 360.000. Jihar da ke kewaye da shi ana ce mata Lestasha. Ƙasar ciyawa ce, ta shanu da tumaki.

Yadda ake ci

A can, ba matahiyi kaɗai ke cin abincin saye ba. Magidanci yakan ɗauki matarsa da ɗiyansa, su tahi gidan abinci tare. Da sahe akwai gidajen shayi. Ana shan shayi da madara, a ci ƙwai da wake da burodi. In ka zamna, sai a miƙo maka takarda, kowane abinci da kuɗinsa. Ba a tayawa, ba a cewa albarka. Musulmi yakan tambaya kahin ya ci, don naman alade yana shiga abinci da yawa. Amma gidaje masu naman halal ba su da wuyar samu a cikin birnin.

Hukuma kuma tana aika masu duba tsabta. Suna duba madafa da ma'ajiya. Daga nan su ba gida lamba, daga 0 zuwa 5. Mai 5 yakan manna tasa a ƙofa, kowa ya gani.

Baƙin da aka ce kada su zo

A watan Agusta na 1972, Idi Amin, shugaban Uganda, ya kori mutanen ƙasarsa masu asalin Indiya. Kwana 90 ya ba su. Hukumar birnin Lesta ta sa sanarwa a wata jaridar Uganda, ta ce kada su zo, babu gidaje, babu wuri a makarantu. Duk da haka dubbai suka zo. Da yawa sun baro dukiyarsu a baya, amma sun zo da sana'a a hannu.

Suka buɗe kantuna da gidajen abinci a kan hanyar Belgiref. Ɗaya daga ciki, mai suna Bobby's, an buɗe shi a 1976, kuma babu nama ko kaɗan a girkinsa. Gidaje irin wannan, da wake da shinkafa da ganye da yaji da man shanu suke aiki. Yau mutane suna tasowa daga wasu garuruwa don su ci abinci a wannan hanya. Daga baya Somaliyawa da Turkawa da wasu suka zo da nasu girki. Gaskiyar masu magana: baƙo ruwa ne, wanda ya tare shi ya sha.

Nonon ƙauye

To, mu hita birni. A ƙauyukan Lestasha ana yin wani cuku mai suna Stilton. Manyan gidajen abinci suna kawo shi a ƙarshen ci. Ana tara nono wajen lita 78 kahin a samu dunƙule guda mai kilo 8. Ana ajiye shi fiye da wata 2. Ana soka masa dogayen allurai don iska ta shiga, sai ya yi zane-zane shuɗi, ɗanɗanonsa ya yi ƙarhi.

Ga abin lura. Tun 1996 doka ta kare sunan wannan cuku. Jiha 3 kaɗai ke da izinin yin sa, Lestasha tana ciki, kuma sai da nonon shanunsu. Ko garin Stilton, inda cukun ya samo suna, ba shi da izini, don yana wajen iyaka. A ƙauyen Lon Kilosan, manoma 12 ne suka haɗa kai suka kafa gidan cuku, shekara fiye da 100 ke nan. Har yanzu na manoma ne. Ke nan, in mai kuɗi ya ci cuku a birni, wani abu ya koma aljihun mai shanu.

Mu ma mun kama wannan hanya. An yi rajistar sunan albasar Galmi da na kilishin Nijar. Sai dai takarda kaɗai ba ta riƙe suna. Tsabta da kyawon kaya da haɗin kai su ke riƙe shi. In kun zamna taron ƙungiya, ku tambayi juna: wane kaya ne aka san garinmu da shi, kuma wa ke cin ribarsa?

Allah shi ba mu damana mai albarka.