Bakteriyofaj da Ciwon Daji: Matsalar Suna a Hausa

Hausa tana kiran bakteriya da bairos da suna guda, wato ƙwayar cuta. To, amma akwai bairos wanda bakteriya kaɗai yake kamawa, shi ne Félix d'Hérelle ya raɗa wa suna bakteriyofaj a 1917. A 1985 George Smith ya nuna yadda ake ɗora masa furotin a jiki, kuma ta wannan hanya aka samo ramucirumab, maganin ciwon dajin ciki da Amurka ta amince da shi a 2014.

Bahaushen Fatakwal, Anacha ko Garkin Inugu yakan ji bayanin likita ta bakin tafinta. In aka ce masa da ƙwayar cuta aka samo maganin, yana iya ƙin karɓa. Ci-bakteriya, bisa sigar ci-rani, ta fi dacewa, domin ma'anar kalmar ke nan a Girkanci.