Yoyon Fitsari: Aikin Na Nan Kusa da Gida

Yoyon fitsari lalura ce da ke samun mace idan kafa ta ɓule tsakanin mafitsara da farji, fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Yawanci doguwar naƙuda ce ke jawo shi: kan jariri ya tokare a ƙugu har naman wurin ya mutu don rashin jini. Yankan gishiri ma na haddasa shi. A ƙauyukan fadamar Haɗeja, wajajen Guri, Kirikasamma da Auyo, ambaliya kan yanke hanya da damina, mai naƙuda ta kwana ta wuni ana neman kwalekwale.

Abin takaici shi ne raɗe-raɗin da ke yawo cewa wai aikin gyara lalurar ba ya kyau sai a Masar ko Indiya, wai can ma ya fi araha. Dillalan wannan tafiya kuɗin tiyata kawai suke faɗa. Ba sa zancen biza, da tikitin mutum biyu, da masauki, da tafinta, balle tsadar dala. Sai magidanci ya sayar da gonar shinkafarsa, alhali a Babban Asibitin Jahun, nan cikin Jigawa, ƙungiyar likitoci ta MSF tana yin wannan aiki kyauta tun 2008. Akwai cibiyar Laure a Asibitin Murtala da ke Kano, akwai cibiyoyin tarayya a Ningi da Babbar Ruga ta Katsina. A Babbar Ruga ne Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya shafe shekaru da dama yana ɗinke dubban mata, har likitocin wasu ƙasashe na zuwa koyo. Ƙwarewa a wannan tiyata tana inda ake yawan yin ta, kuma ƙasar Hausa na cikin wuraren.

Sannan aikin ba ya ƙarewa ranar ɗinki. Ana barin robar fitsari kamar mako biyu, a sha ruwa da yawa, a riƙa komawa ana dubawa. Wadda aka yi wa a Alƙahira, in ɗinki ya warware bayan ta dawo Malam Madori, wa za ta nufa? Aikin farko shi ya fi saurin kamawa, kowane maimaici yana ƙara tabo.

Matar da ta ga fitsari na zuba bayan haihuwa a kai ta asibiti nan take, kada a tsaya jiran arba'in ko jiƙe-jiƙe, domin ƙaramar kafa sabuwa kan rufe da roba kaɗai in an saka da wuri. Bayan aiki, miji ya haƙura da kwanciya tsawon watannin da likita ya yanka, ya kuma daina tunanin saki, don lalurar ba laifinta ba ce. In ta samu ciki ta fara awo da wuri, haihuwa kuma a asibiti, galibi ta hanyar tiyata. Ɗigon da ke zuwa yayin tari ko dariya daban ne, raunin tsoka ne, likita zai bambance.