Zaɓen Wayar Sadarwar Kwamfuta Kafin A Yi Wa Sabon Gida Filasta

ABUJA — A yawancin gidajen da ake ginawa a Abuja, Legas da sauran manyan biranen ƙasar nan, mai gida kan kashe kuɗi masu yawa a kan bulo, rodi da tayil, amma sai bayan ya tare ne yake gano cewa intanet ba ta isa wasu ɗakunan. Dalili kuwa shi ne bangon siminti da rufin kankare mai ɗauke da rodi suna raunana Wi-Fi ƙwarai, ta yadda na'urar da aka ajiye a falon ƙasa ba ta wadatar da bene.

Maganin wannan matsala shi ne a shimfiɗa wayar sadarwa a cikin bango tun kafin birkila ya yi filasta. Abin lura a nan shi ne, kwamfuta da talabijin da na'urar rarraba intanet duk ana sauya su cikin 'yan shekaru, amma wayar da aka binne a bango ta zauna ke nan. Wanda ya yi kuskure wajen zaɓenta, to, gyaran zai kai shi ga fasa bango, sake filasta da sake fenti.

Wayar da ake magana a kai tana ɗauke da silin jan ƙarfe 8 waɗanda aka murɗe bibbiyu, kuma an kasa ta aji-aji gwargwadon yawan saƙon da take iya ɗauka. Akan rubuta ajin a jikin robar da ta lulluɓe ta. Aji uku ne suka shafi mai gina gida.

Na farko shi ne Cat5e, wanda ya fi daɗewa a kasuwa kuma ya fi araha. Yana ɗaukar gigabit 1 a kowace daƙiƙa har tsawon mita 100, sannan wata ƙa'ida da aka fitar a 2016 ta ba da damar tura gigabit 2.5 a kansa. Na biyu shi ne Cat6, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a 2002. Shi yana ɗaukar gigabit 5 a mita 100, yana kuma iya kaiwa gigabit 10 idan tsawon bai wuce mita 55 ba. Na uku shi ne Cat6A na shekarar 2008, mai ɗaukar gigabit 10 a cikakken tsawon mita 100, sai dai ya fi kauri, ya fi tsada, ya kuma fi wuyar lanƙwasawa a cikin bututu.

Tun da yake ba kasafai ake samun gidan zama wanda tazarar ɗakunansa ta wuce mita 55 ba, Cat6 ne ya fi dacewa da yawancin gidaje. Wanda yake gina otal, makaranta ko rukunin ofisoshi na haya shi ne ya kamata ya duba Cat6A. Dangane da Cat7 da Cat8 kuwa, waɗanda wasu 'yan kasuwa kan tallata da cewa lambarsu ta fi girma, ba su da wani amfani na musamman a gida. An tsara Cat8 ne domin manyan cibiyoyin ajiye bayanai, kuma ƙarfinsa bai wuce mita 30 ba.

Sai dai kuma babban haɗarin da ke fuskantar mai saye ba ya ga lambar aji, yana ga ƙarfen da ke ciki. Akwai wayar da aka yi da alminiyam aka shafe bayanta da jan ƙarfe, wadda ake yi wa laƙabi da CCA. A ido ba ta da bambanci da ta ƙwarai, kuma sau da yawa kwalinta na ɗauke da rubutun Cat6, alhali ƙa'idar wannan aji jan ƙarfe zalla ta amince da shi. Alminiyam yana ɗaukar kimanin kashi 61 cikin 100 ne kawai na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya ke ɗauka, ga shi kuma da saurin karyewa a wurin haɗi.

Illar wannan takan fito fili ne idan aka zo batun kyamarorin tsaro da na'urorin Wi-Fi na silin, waɗanda a yau suke samun wutarsu ta cikin wayar sadarwar kanta. An fara wannan tsari a 2003 da wat 15.4, aka ƙara zuwa wat 30 a 2009, sannan wat 90 a 2018. Wayar alminiyam takan yi zafi a ƙarƙashin irin wannan nauyi, wutar kuma ta ragu kafin ta isa ga na'urar. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Ko a Computer Village da ke Ikeja mutum ya je saye, ko a kasuwar Alaba, ko a Sabon Garin Kano, hanyar ganewa ɗaya ce. A feɗe bakin wayar, a kankare sili ɗaya da wuƙa. Idan cikinsa ya fito fari, alminiyam ne. Haka nan kwali mai mita 305, wanda shi ne ma'aunin da aka saba sayarwa, ya fi nauyi a hannu idan na jan ƙarfe ne. Har ila yau, wayar da za ta shiga bango ita ce mai sili guda mai tauri, ba mai laushin da ake haɗa kwamfuta da soket da ita ba.

Bayan saye, sai batun aiki. Ya kamata kowace waya ta tashi daga wuri guda da aka keɓe, kamar ƙaramin ɗaki ko akwatin bango mai samun iska, ta tafi kai tsaye zuwa soket ɗinta ba tare da haɗi a tsakani ba. Tsawon da ke cikin bango kada ya wuce mita 90, domin sauran mita 10 na gajerun wayoyin haɗi ne. Kada mai wayarin ya zura ta a bututu ɗaya da wayar lantarki, saboda hakan na gurɓata saƙo, ban da haɗarin da ke tattare da shi. Bututun roba mai faɗi, wanda aka bar igiyar ja a cikinsa, yana kare waya daga ɓera, yana kuma ba da damar zare ta a sa sabuwa nan gaba ba tare da an taɓa bango ba.

Bugu da ƙari, yana da kyau a ja waya biyu zuwa falo da ɗakin karatu, ɗaya zuwa silin kowane hawa, da kuma kusurwoyin da za a kafa kyamara. Idan kuwa za a haɗa babban gida da wani gini na daban, kamar ɗakin mai gadi ko sashen baƙi, wayar gilashi ta faiba ta fi aminci, domin ba ta ɗaukar wuta, don haka tsawar damina ba ta bi ta cikinta ta ƙona na'urori.

A ƙarshe, bai kamata mai gida ya biya cikon kuɗin aiki ba sai an gwada kowace waya da na'urar gwaji a gabansa, an kuma manna mata lamba a bakinta biyu. Ga masu gina gidajen haya da na sayarwa, wannan ƙaramin kashi ne na kuɗin gini, amma yana cikin abubuwan da ɗan haya mai aiki da intanet zai duba. Tun ran gini ake zane.