Kukar Keffi A Cikin Kasko: Yadda Baƙo Zai Kawo Inuwar Gida Kudu

Duk mutumin Arewa da neman abinci ya kawo shi Ikko ko Badun ko Fatakwal, ya san akwai abin da ya baro a gida wanda ba ya shiga mota, watau itatuwan garinsu. Mu mutanen Keffi, tun zamanin da Abdu Zanga ya kafa garin wajen shekarar 1800, ba mu rabu da zaman gindin itace ba. A nan ake hira, a nan ake sulhu, a nan almajirai ke karatu. To, ga shi yau muna zaune a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, ɗaki ɗaya na haya, ko wurin shanya sai an yi rigima. 'Ya'yanmu kuwa suna shan miyar kuka, amma da yawansu ba su taɓa ganin itacenta ba.

Akwai wata dabara da mutanen gabashin duniya suka daɗe da ita, wadda za ta yi mana maganin wannan kewa. Mutanen Jafan suna kiranta bonsai, ma'ana shuka a cikin faranti. Mu sai mu ce itacen kasko.

ASALIN ABIN

Daga ƙasar Sin aka faro. An sami zanen irin waɗannan itatuwa a bangon kabarin wani ɗan sarki da aka gina a shekarar 706. Daga can sai Jafanawa suka ɗauka suka ƙware a kai. Akwai wani itace da ake reno tun 1625, wanda yana birnin Hiroshima lokacin da aka jefa bam a 1945, ya tsira, sa'an nan aka ba Amurka kyautarsa a 1976. Yana wani lambun gwamnati a Washington. Shekara ɗari huɗu ke nan, kaka ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika.

Kada mai karatu ya ɗauka wani iri ne na musamman, ko kuwa asiri ne. A'a, itace ne kamar kowane. Ƙarancin wuri da yawan aski su ke hana shi girma. In ka ɗauki ƙwayarsa ka shuka a gona, sai ta fito ta yi tsawo kamar 'yan uwanta.

WANNE ZA A SHUKA?

Ba sai an nemi na Turai ba, namu sun wadatar. Ceɗiya ita ce ta mai koyo, domin reshe kawai za ka sara ka kafa, ya kama. Tsamiya tana da kyau saboda ganyenta ƙanana ne tun asali. Kuka kuwa ita ce sarauniya, har masu wannan sha'awa a Afirka ta Kudu suna ji da ita. Sai dai ƙwayarta tana da tauri, tilas a kankare bayanta da wuƙa, ko a jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, kafin a shuka. Akwai kuma ƙariya mai jan fure da ƙaton gindi, amma fa ruwanta dafi ne. Mai ƙananan yara ko awaki, gara ya haƙura da ita.

YADDA AKE RENO

Da farko nemi kaskon ƙasa, ka huda gindinsa wuri biyu ko uku. Ka zuba tsakuwa a ƙasa, sa'an nan ka gauraya yashi da baƙar ƙasa da ɗan takin da ya ruɓe sosai. Abin nufi shi ne ruwa ya shiga ya fice, kada ya kwanta.

A nan ne ni na yi asarar ta farko. Na taho da ƙwayar kuka daga gida, ta fito, ta yi shekara biyu. Da rani ya yi sai ta zubar da ganye, ni kuwa na ce ƙishirwa ce, na dinga ɗura mata ruwa safe da yamma. Ashe barci take yi, kamar yadda kowace kuka ke yi da rani. Kafin in farga saiwar ta ruɓe. Saboda haka in kuka ta kakkaɓe ganye, a janye mata ruwa sai ta fara toho. Ruwan saman Kudu ma ya fi ƙarfinta, in damina ta yi nisa a matsar da ita ƙarƙashin rumfa. Sauran itatuwan kuwa, sa yatsa a ƙasar, in ka ji ta bushe ka ba su.

Na biyu, itace ba kayan ɗaki ba ne. Yana son rana da iska, a ajiye shi a baranda ko bakin taga ta waje. Kada kuma a bar ruwa a farantin da ke ƙarƙashinsa, don kada a yi wa sauro gida.

Na uku, aski. Duk reshen da ya zarce, a datse shi da almakashi mai kaifi, a bar ganye biyu ko uku. Bayan shekara ɗaya ko biyu, a farkon damina, a ciro itacen daga kasko, a rage kamar sulusin saiwarsa, a sake masa sabuwar ƙasa, a ajiye shi a inuwa mako biyu ya warke. Mai son reshe ya karkata, sai ya naɗa masa wayar jan ƙarfe ya lanƙwasa a hankali, ya kuma kwance ta kafin ta nutse cikin ɓawo. Ai Hausawa sun riga sun faɗa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

WANI GARGAƊI

Wanda ya bi hanyar Keffi zuwa Akwanga ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi, ya san halin da dazuzzukanmu suke ciki. Tun da Abuja ta bunƙasa, aka kuma ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, gonaki da yawa na kewayen gari sun koma filayen gini. Don haka kada wani ya ce ya sami sana'a, ya shiga daji yana tono itatuwa. A ɗauki ƙwaya ko reshe, shi ke nan. Wanda ya shuka biyar kuma, ya bar ɗaya a kasko, huɗun ya kai su gida in ya je ganin gida da damina, ya dasa a ƙofar gidansu ko ta masallacin unguwa.

Aikin nan ba na mai gaggawa ba ne, sai an yi shekara biyar ko fiye kafin itacen ya fara kama da tsoho. Amma ba ya cin kuɗi, kuma ran da mai gida ya ba ka notis, kana iya ɗora kukarka a kan kaya ku tashi tare. In yaro ya tambaye ka mene ne wannan, sai ka zaunar da shi ka ba shi labarin Keffi.