Bayan Arba'in: Yaushe Mai Jego Za Ta Koma Gudu Da Motsa Jiki?



Akwai wata 'yar gardama da ke tashi a gidajenmu idan an yi haihuwa. 'Ya'yanmu mata da suka taso a nan Ingila, wasunsu sun saba da gudu a filin shaƙatawa, wasu har hanyoyin daji da tuddan Peak District suke bi. Da an yi arba'in sai mai jego ta ɗauko takalminta, kaka kuma ta ce ba da ita ba. Kowacce tana da gaskiyarta, amma kowace gaskiya da lokacinta, shi ya sa muka ga ya dace mu tsara maganar daki-daki.

Mu fara da abin da iyayenmu suka gane tun da can. Daga Kano har zangon Kumasi da Nima, mai jego ba ta surfe, ba ta ɗaukar tulu, ana dafa mata, ana riƙe mata jariri. Likitocin yau ba su ƙi wannan ba. Mahaifa takan ɗauki kamar mako 6 kafin ta koma daidai, wadda aka yi wa tiyata kuma ana hana ta ɗaga abin da ya fi jaririnta nauyi a wannan lokacin. Sai dai al'ada ɗaya tana buƙatar gyara. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wanka da na gadon wuta. A yi wanka da ruwan ɗumi, a rage kanwa da gishiri.

Hutun jego kuma ba kwanciya ce wuni guda ba. Bayan haihuwa jini yana saurin daskarewa a jijiyar ƙafa, kuma wannan yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu jego a ƙasar nan. Tafiya kaɗan a cikin gida, daga baya zuwa bakin layi, tana rage wannan haɗarin. Rahotannin MBRRACE sun sha nuna cewa mata baƙar fata sun fi farare fuskantar mutuwa a lokacin ciki da bayan haihuwa, don haka wannan magana tamu ce kai tsaye.

Inda matasanmu kan yi kuskure shi ne ɗaukar arba'in a matsayin ƙarshen warkewa. Ɗaukewar jinin biƙi hukunci ne na tsarki da salla, malamanmu na Malikiyya ma sun kai iyakarsa kwana 60. Warkewar tsoka wani lissafi ne daban. A ƙasan mara akwai tsokoki masu kama da faifai da ke tallabe da mafitsara da mahaifa da hanji. Wata 9 suna ɗauke da nauyi, sannan haihuwa ta buɗe su. A gudu, duk saukar ƙafa a ƙasa tana dukan su da ƙarfin da ya ninka nauyin jiki. Saboda haka ƙa'idojin da wasu masana gashi da motsa jiki uku na Birtaniya da Ailan, Tom Goom da Gráinne Donnelly da Emma Brockwell, suka fitar a 2019 suka ce kada a fara gudu kafin wata 3 da haihuwa, wasu matan ma sai sun kai wata 6.

Ga yadda za a bi matakan. Tun kwanakin farko mai jego za ta iya fara matse tsokokin ƙasan mara, kamar mai riƙe fitsari da iska, ta saki, ta maimaita sau 10, sau uku a rana. Tsakanin mako na 6 da na 8 akwai dubawar da GP ke yi wa uwa. A je, kuma a faɗi komai ba kunya. Wadda ta yi ciwon suga na ciki ta tuna da gwajin jininta tsakanin mako na 6 da na 13, sannan duk shekara. Daga nan sai a ƙara tafiya da sauri. Crowcroft Park da ke kan Stockport Road da Birchfields Park duk suna da hanya mai laushi ga keken jariri.

Kafin gudu ta gwada kanta: tafiyar minti 30, tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 10, sassarfa a wuri ɗaya minti 1, da tsalle sau 10 a kowace ƙafa. Idan ta yi duka ba ciwo, ba ɗigar fitsari, ba jin nauyi ko wani abu na saukowa a gabanta, ta shirya. Idan ɗaya daga cikinsu ya bayyana, ta nemi GP ya tura ta wajen masu gashi na ɓangaren mata. Ɗigar fitsari tana da magani, bai kamata mace ta ɓoye ta shekara da shekaru tana fama da alwala ba.

Wadda ta shirya za ta iya bin shirin NHS na kyauta mai suna Couch to 5K, wanda ke haɗa tafiya da sassarfa sau uku a mako har mako 9. Kowace Asabar da ƙarfe 9 na safe ana parkrun na kilomita 5 kyauta a Platt Fields, a Birmingham kuma a Cannon Hill Park, kuma ana karɓar masu tafiya da ƙafa. Fallowfield Loop, tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa Levenshulme, shimfiɗaɗɗiya ce, amma a je da rana kuma da abokiyar tafiya. Hanyar laka da duwatsu da gangara ita ce ta ƙarshe, domin gangara ta fi dukan mara, gaɓoɓi kuma ba su gama ƙwari ba. Sai a fara da Highfield Country Park kafin a hau jirgi daga Piccadilly zuwa Edale.

Daga Edale ɗin nan ne Jasmin Paris ta tashi a Janairun 2019 ta lashe tseren Spine mai nisan mil 268, ta wuce maza duka, tana tatsar nono a wuraren hutawa. Amma a lura, 'yarta ta riga ta wuce shekara guda a lokacin. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga masu shayarwa, motsa jiki daidai kima ba ya ƙafar da nono. A shayar kafin a fita, a sha ruwa sosai, a sa rigar mama mai riƙo. Wando mai faɗi da doguwar riga da hijabi marar nauyi sun wadatar wajen sutura. NHS tana ba da shawarar shan bitamin D mikrogram 10 kullum, musamman ga masu duhun fata da masu rufe jiki. Gudu da keken jariri kuma sai yaro ya kai wata 6.

Alamomin da ba a jira da su: ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, ko jini mai kwarara, a kira 999. Kumburi da zafi a ƙafa ɗaya, ko zazzaɓi, a kira 111 ko sashen haihuwa nan take.

Iyayenmu da magidanta, saura naku. A gida akwai tsakar gida cike da mutane, a nan kuwa mai jego takan wuni ita da jariri a ɗaki, ga sanyi, ga duhu tun ƙarfe 4 a lokacin hunturu. Fiye da mace 1 cikin 10 tana kamuwa da ciwon damuwa cikin shekarar haihuwa, fita shan iska da motsa jiki kuma suna taimakawa. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA), don haka ba abin kunya ba ne. Kaka ta riƙe jika na awa guda, miji ya raka ko ya zauna da yara. Haka za a cika kulawar da aka fara ranar suna.

Allah ya ba masu jego lafiya, ya raya mana zuri'a bisa sunna. Amin.